Yadda layi guda na rubutu ke ɗaukar hotuna ɗaruruwa a kwamfuta

Jama'a, mun san yadda ake yi bayan biki ko suna. Mai ɗaukar hoto ya kawo hotuna ɗari uku, ƴan uwa da ke Legas, Abijan ko Aljeriya suna ta kira a tura musu, ga tsadar intanet, ga rezo na ɗaukewa. Sai ka ga yaro ya yini gaban kwamfuta yana buɗe hoto ɗaya, ya rage masa nauyi, ya ajiye, ya buɗe na gaba. Akwai hanyar gama wannan aiki cikin ƴan mintoci, ita ce muka kawo muku yau.

Kowace kwamfuta tana da wata taga da ake rubuta mata umarni maimakon a yi ta latsa alamomi. A Linux da Mac sunanta Terminal, a Windows ta Faransanci kuwa Invite de commandes. Manhajoji biyu ne suka yi fice wajen aikin hoto ta wannan taga. Ta farko ImageMagick, wadda John Cristy ya ƙirƙira a Amurka a 1987. Ta biyu FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000. Duka kyauta ne, kuma da zarar an girka su ba sa bukatar intanet.

Mu fara da rage nauyi. A cikin dosiyen da hotunan suke, a buɗe wani sabon dosiye mai suna kanana, sai a rubuta:

magick mogrify -path kanana -resize 1280x1280 *.jpg

Wannan alamar tauraro tana nufin “duk hoton da sunansa ya ƙare da jpg”. Manhajar za ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da gefe mafi tsawo na kowanne ya zama ɗigo 1280, ta zuba su cikin kanana. Amma a yi hattara: in aka manta da -path kanana, za ta rubuta ƙananan a kan na asali, manyan sun tafi ke nan, babu dawowa. Hoton tsohon da ya riga mu gidan gaskiya ba a sake ɗaukarsa. Shi ya sa muke cewa kullum a fara kwafe hotunan a kan kile ko katin memori kafin a taɓa komai.

Sai bidiyo. Abin da muke kira bidiyo ba komai ba ne illa hotuna jere da juna, ana nuna su da sauri har ido ya ga kamar motsi ne. Silima hoto 24 take nunawa a daƙiƙa guda, yawancin wayoyin salula kuma 30 suke ɗauka. Ke nan bidiyon minti ɗaya na waya hoto 1,800 ne. Wanda ke son ya ciro hoton amarya daga bidiyon biki sai ya rubuta:

ffmpeg -i biki.mp4 -vf fps=1 hoto%04d.jpg

Wannan zai ciro hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, ya sa musu suna hoto0001, hoto0002, har ƙarshe. In aka cire -vf fps=1, duka hotunan za su fito, kuma bidiyon awa guda hoto 108,000 ne, abin da zai iya cika kwamfuta.

Ana kuma iya juya aikin, a haɗa hotuna su zama bidiyo guda da za a tura ta WhatsApp:

ffmpeg -framerate 1/3 -i hoto%04d.jpg -r 25 -pix_fmt yuv420p fim.mp4

A nan kowane hoto zai tsaya daƙiƙa 3. To ga inda aka fi yin tuntuɓe. FFmpeg ba ta san amarya ba, ba ta san ango ba, lamba kawai take bi. Wannan %04d ɗin yana nufin lamba mai gurbi huɗu, don haka hoto0007 za ta nema, ba hoto7 ba. In aka goge hoto0051 don bai yi kyau ba, tana kaiwa na 50 za ta tsaya, ta ɗauka an gama. Mutum ya tura wa ƴan uwa guntun bidiyo bai sani ba. Don haka bayan an zubar da marasa kyau, a sake jera lambobin daga 0001 ba tare da giɓi ba. A kuma lura hotunan su zama girmansu ɗaya, faɗi da tsawo su kasance lambar da ke rabuwa biyu daidai, in ba haka ba manhajar na iya ƙin aikin.

Shawararmu ga matasa masu shagon hoto a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: ku fara gwaji da hotuna goma da kuka kwafe, ku duba abin da ya fito, sannan ku saki umarnin a kan ɗari uku. Ku kuma da ke ƙetare, in kun nemi a turo muku hotuna, ku ce a turo ƙananan, manyan a adana su a gida.