Waƙa Da Fuskar Da Ta Daina Murmushi

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma akwai larurar da ke ƙaryata wannan karin magana, wato cutar makyarkyata, wadda likitan Ingila James Parkinson ya fara bayyanawa a 1817, aka kuma sa mata sunansa. Ita ce ta kama ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, sai motsin jiki ya yi nauyi, har da na fuska. Ƙiftawar ido ta ragu, murmushi ya ɓace, murya ta dushe, alhali zuciya na nan da farin cikinta.

A ƙasar da shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Dattijon da ya kamu a Kwatarkwashi ko Tsafe sai a ce ya cika ɗaure fuska, ko an yi masa sammu. Jikoki su ja baya, 'yan hira su watse.

A matsayina na mai nazarin harshe, ina roƙon mai karatu ya furta sunan Kwatarkwashi a hankali. Sau biyu leɓɓa za su kewaye a kan "kw", su buɗe a kan "a", sannan su baje a kan "shi". Haka ma "b", "ɓ" da "m" ba sa fita sai leɓɓa sun haɗu. Waƙa tana jan wasula, tana buɗe baki fiye da magana, tana neman dogon numfashi. Karinta kuma ishara ce daga waje da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta fara motsin da ya daina zuwa da kansa.

A 2012 Cochavit Elefant da abokan aikinta sun wallafa nazarin masu cutar su 10 da suka yi makonni 20 suna waƙa tare, aka ga fuskokinsu sun ƙara motsi. A 2019 shirin ParkinSong na Jami'ar Melbourne a Ostareliya ya nuna ƙaruwar ƙarfin murya. Nazarin farko ƙarami ne, kuma waƙa ba ta warkar da cutar. Mataimakiya ce ga maganin asibiti.

Zamfara da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ta buƙatar aron wannan dabara. Muna da tsarin jagora da 'yan amshi, muna da waƙoƙin daka da na niƙa, ga kuma waƙoƙin wa'azi da na bege ga wanda ba ya son kiɗa.

Shawarata ga iyalai ita ce, a fara kai mara lafiya wurin likita, kamar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Bayan haka a zauna da shi kullum, a ba da waƙar da ya sani tun yana yaro, ya amsa. Ko murmushin bai dawo duka ba, hirar gida za ta dawo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.