Tsaron Asirin Jama'a a Rumbunan Girgije: Abin da Ya Sami Bankin Capital One

Ran 29 ga watan Yuli na shekara ta 2019, wani babban banki na ƙasar Amurka mai suna Capital One ya fito ya shaida wa duniya cewa an shiga rumbun bayanansa, an kwashe labarin mutane wajen miliyon 100 a Amurka, da wasu miliyon 6 a ƙasar Kanada. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a haura katanga ba, ba kuma kuɗi aka ɗauka ba. Abin da aka ɗauka shi ne sunayen mutane, da inda suke zaune, da lambar talhonsu, da ranar haihuwarsu, da yawan abin da kowa ya ce yana samu, wato bayanan da jama'a suka bai wa bankin sa'ad da suke neman katin bashi, tun daga 2005 har zuwa farkon 2019.

Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, bankin bai bar waɗannan bayanai a buɗe ba. A kulle suke da rubutun sirri, kamar yadda masana suke umurni. Duk da haka an karanta su. Sa'an nan cikin rumbun nan guda akwai wani sashe da mai kutsen ta kwasa amma ta kasa amfana da shi. Bambancin da ke tsakanin sassan nan biyu, shi ne abin da ya kamata kowane ma'aikaci mai riƙe da asirin jama'a ya gane.

Da farko sai a san abin da ake nufi da girgije. A da, kowace ma'aikata tana ajiye dosiyoyinta cikin kabad, mabuɗi kuwa yana aljihun magatakarda. Da kwamfuta ta zo, sai aka zuba bayanan cikin injin da ke ɗaki guda a ma'aikatar. Yanzu kuwa ma'aikatu da bankuna da yawa suna hayar wuri ne a wajen manyan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, waɗanda suka gina manyan gidaje cike da injuna, ana aika musu bayanai ta intanet, ana kuma ɗaukowa ta nan. Wannan haya ita ake kira girgije. Sunan ne kawai na sama, amma injunan a ƙasa suke, da masu gadinsu da wutar lantarkinsu. Capital One yana haya ne a wajen Amazon. Ƙa'idar hayar kuwa a fili take: kamfani ne ke tsaron gini da injuna, ɗan haya kuma shi ke da alhakin tsara wa zai shiga ɗakinsa, da abin da zai iya taɓawa in ya shiga.

Rubutun sirri tsohuwar dabara ce. An ruwaito cewa Kaisar na Rum yakan gusar da kowane harafi na wasiƙarsa da matsayi 3, ta yadda kalmar BABA za ta koma EDED, sai wanda ya san ƙa'idar ne zai mai da ita. Irin wannan bai daɗe yana ɓoye asiri ba, don tun ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Alkindi, ya bayyana yadda ake warware shi ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Na zamanin yau ya wuce nan nesa. Wanda aka fi aiki da shi ana kiransa AES, wasu masana biyu ƴan ƙasar Baljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙago shi, gwamnatin Amurka kuma ta amince da shi a 2001. Yana dagula rubutu da lissafi har ya zama tarkace marar ma'ana, ba ya komawa daidai sai da wata doguwar lamba da ake kira mabuɗi. In wani ya ce zai gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya har ya dace, injunan duniya duka ba za su gama masa aikin ba a tsawon rayuwarsa da ta jikokinsa.

To, in haka ne, yaya aka yi aka karanta bayanan Capital One? Amsa ita ce ba a fasa makullin ba ko kaɗan, ta wajen mai riƙe da mabuɗi aka bi.

A bakin rumbun bankin akwai wata manhaja mai aikin gadi, wadda ke tace saƙonnin da ke shigowa daga waje. An yi kuskure wajen saita ta. Wata mata mazauniyar birnin Seattle, wadda ta taɓa aiki a Amazon ta bari tun 2016, ta gano wannan kuskure. A ranakun 22 da 23 ga Maris na 2019 ta yaudari manhajar har ta miƙa mata takardar izini ta wucin gadi, irin wadda injunan bankin ke nuna wa juna kafin su yi aiki. Izinin nan kuwa an ba shi faɗi fiye da bukatarsa. Da shi ta ga jerin ma'ajiyoyi fiye da 700, ta kwafi abin da ke cikin waɗanda ta so. Rumbun bai ga baƙo ba, ya ga mai izini, don haka duk abin da ta nema sai ya warware sirrinsa ya miƙa mata a karance. Bankin da kansa ya amsa haka cikin sanarwarsa, cewa hanyar da aka bi aka shiga ita ce kuma ta ba da damar warware rubutun.

Misalin abin kamar attajiri ne da ya sayi akwatin ƙarfe mafi ƙarfi a kasuwa, ya ba yaronsa mabuɗi, ya ce duk wanda ya zo da takarda mai hatiminsa a buɗe masa. Ranar da hatimin ya faɗa hannun wani, ƙarfin akwatin bai tsinana kome ba. Wannan bai sa rubutun sirri ya zama banza ba. Yana da ranarsa: in an sace injin ɗungurungum, ko an tsinci tsohon faifan ajiya a juji, ko an tare saƙo a hanya, mai ɗauka ba zai ga kome ba sai tarkace. Amma ba ya tare wanda ya shigo da izini, ko izinin na gaskiya ne ko na sata. Ma'aikaci da yawa in ya ji an ce bayanai a kulle suke, sai hankalinsa ya kwanta ya daina tambaya, alhali a nan ne tambaya ta fara: a hannun wa mabuɗin yake, kuma wa ake buɗe wa?

Sai sashen da ya tsira. A Amurka kowane ɗan ƙasa yana da wata lamba mai alƙaluma 9 ta hukumar jin daɗin jama'a, wadda da ita ake neman aiki da bashi, ake kuma biyan haraji. Wanda ya sami lambar wani tare da sunansa da ranar haihuwarsa yana iya cin bashi da sunansa, ya bar shi da biya. Saboda haɗarinta, bankin bai tsaya ga rubutun sirri kaɗai ba. Yakan cire lambar daga rumbu baki ɗaya, ya sa wata ta madadi a gurbinta, haka ma lambobin asusu. Kamar dai ɗan katin da mai gadin kekuna ke bayarwa a bakin kasuwa ne: katin ba keke ba ne, wanda ya tsince shi a wani gari ba abin da zai yi da shi. Hanyar mai da lambar madadi zuwa ta gaskiya, da mabuɗinta, dabam suke da na sauran bayanai, kuma izinin da matar ta samu bai kai can ba. Don haka ta kwashi lambobin madadi, ba su yi mata amfani ba.

Ba duka ne suka tsira ba. Lambobin jin daɗin jama'a wajen 140,000 sun fita, da lambobin asusun banki wajen 80,000, da kuma lambobin inshorar jama'a na Kanada kusan miliyon 1. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga masu su. Amma bankin ya ce fiye da kashi 99 cikin 100 na lambobin Amurkawa ba a same su ba. A rumbu guda, a rana guda, a hannun mutum guda, abin da aka raba mabuɗinsa ya tsira, abin da aka haɗa mabuɗinsa da izinin shiga ya tafi.

Musanya lamba reshe ne na wata babbar dabara da ake iya kira lulluɓi. Mai karatu da ya taɓa biya da katin banki ya ga irinta a kan rasit, inda ake rufe lambar katin da taurari a bar alƙaluma 4 na ƙarshe. Manufarta ita ce kowa ya ga abin da aikinsa ke bukata kurum. Mai amsa talho a banki yana bukatar tabbatar da wanda ke magana, alƙaluman ƙarshe sun ishe shi. Mai lissafin shekara yana bukatar jimla, ba ruwansa da sunaye. Akwai lulluɓin da ake yi nan take, rumbu ya dubi matsayin mai tambaya ya rufe masa abin da bai shafe shi ba, asalin bayanin yana nan yadda yake. Akwai kuma wanda ake yi sau ɗaya a kan kwafe, a sauya sunaye da lambobi da na ƙarya kafin a ba masu gwajin sabuwar manhaja ko masu koyon aiki. Wannan na biyun an fi yi masa sakaci, don sau da yawa rumbun gaske yana da tsaro, kwafensa kuwa yana yawo daga buro zuwa buro.

Lulluɓi ma yana da iyakarsa. In an share sunan mutum aka bar ƙauyensu da shekarar haihuwarsa da sana'arsa, a ƙaramin gari kowa ya san ko wane ne. Mai lulluɓe bayanai sai ya dubi abin da ya bari, ba abin da ya rufe kaɗai ba.

Maganar ta shafi ma'aikatun ƙasar nan, don Nijar ta kafa doka mai lamba 2017-28 ta ran 3 ga Mayu 2017 a kan kare bayanan mutane, wadda ta haifi hukumar HAPDP. Duk ma'aikatar da ta tattara sunayen majinyata, ko albashin ma'aikata, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, amana ce ta ɗauka, kuma amanar ba ta sauka daga wuyanta don ta yi hayar rumbu a wata ƙasa. Shugaban ma'aikata ba sai ya iya lissafin AES ba kafin ya tambayi masu injunansa inda mabuɗi yake, da yawan waɗanda ke da izini, da ko wani yana duba littafin shiga da fita.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ma ta ci bankin. An yi kutsen a Maris, amma bai sani ba har kusan wata 4. Matar ce ta sa bayanin abin da ta yi a dandalin GitHub, wani ya gani ya aika wa bankin saƙo ran 17 ga Yuli, bankin ya tabbatar ran 19, ƴan sandan FBI kuma suka kama ta ran 29. A watan Yuni na 2022 kotun tarayya a Seattle ta same ta da laifi.

Hukuma ba ta tsaya kan mai kutse kaɗai ba. A watan Agusta na 2020 ofishin da ke sa ido kan bankunan Amurka ya ci Capital One tarar dala miliyon 80, ta Amurka fa, ba dalar kasuwa mai tamma 5 ba, bisa dalilin cewa bai auna haɗari yadda ya kamata ba kafin ya kwashe ayyukansa zuwa girgije. Daga baya bankin ya yarda ya biya wasu dala miliyon 190 don sasantawa da mutanen da suka haɗu suka kai shi ƙara.