Kalmar "Issue" Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

Cikin kalmomin Turanci da ke yawo a takardun ofis, da wuya a sami wadda ta kai "issue" ruɗa malamai. Ana faɗinta "ishu". Da yawa sun ɗauka ma'anarta bayarwa ce kurum, watau daidai da "give". Ba haka ba ne. Wanda ya miƙa wa abokinsa goro a kasuwar Dutsin-Ma ya yi kyauta, amma Bature ba zai kira wannan "issue" ba.

Turawan Ingila sun aro ta daga tsohon Faransanci, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai nufin fita. To, abin da a ke nufi shi ne abu ya fito daga hannun hukuma, bisa izninta, a kuma rubuta fitarsa a littafi.

Ku dubi sha'anin haraji a zamanin En'e, kafin a maye gurbinta da ƙananan hukumomi a 1976. In talaka a ƙasar Kurfi ya biya kuɗinsa, malamin haraji ya kan yanko masa rasit mai lamba, gindin takardar ya zauna a littafi. Wannan shi ne "issue". Rasit ɗin nan shi ne garkuwar talaka kada a ce ya sake biya, gindinsa kuwa shi ne igiyar da ta ɗaure malamin, gama Ma'aji a Katsina zai ƙidaya kuɗi ya gwada da lambobi. Haka kuma hedimasta, ran da ya rubuta cewa ya yi "issue" na littattafai 40 ga aji uku, ya ɗaura wa kansa alhakinsu ke nan. In mai duba makarantu ya zo ya tarar da 30, ba shi da ta cewa. Don haka na ke ganin "fitar da" ta fi dacewa da ita a Hausa, kamar yadda mu ke cewa Babban Bankin Nijeriya ya fitar da naira a 1973.

Wajen gina jimla, hanya biyu ce: "issue books to the pupils", ko "issue the pupils with books". Kowace ka ɗauka daidai ne.

Har wa yau a kan kira kowace fitowar jarida "issue", kamar fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Ana kuma kiran batun da a ke muhawara a kansa da ita. Amma wadda ya kamata mai fassara a kotu ya kula da ita ƙwarai ita ce "died without issue". Ba cewa a ka yi mamacin ya tafi babu rigima ba. Nufinsu ya rasu bai bar ɗa ko jika ba, wannan kuwa ya kan sauya rabon gado duka.