FAMFON WANKA MAI RUWAN ƘASA: A DUBA ƘARFE KAFIN A DUBA LAUNI

Kwanakin baya muka tafi yi wa wani abokinmu barka da tarewa a sabon gida. Bayan an gaisa sai ya zaga da mu ɗaki ɗaki, har muka kai ɗakin wanka, inda ya nuna mana kawunan famfo masu ruwan ƙasa, kamar bangon da aka shafe da makuba. Lalle sun ƙayatar, muka yaba ƙwarai. Da damina ta wuce muka koma, sai muka tarar launin ya soma ɓarewa kamar ɓawon albasa, ruwa kuwa yana ɗiga dare da rana. Maigida ya ce mai gyaran famfo ya zo sau uku, daga bisani ya ce ba a samun kayan cikinsu a kasuwa, sai dai a fasa tayil a sake wasu. Abin da ya sami wannan bawan Allah shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗakar da masu karatu, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tun da aka jawo ruwan Challawa cikin birnin Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, famfo ya sake riga ba sau ɗaya ba. Da fari tagulla ce tsirara, sa'an nan aka shiga yayin mai ƙyalli kamar azurfa, yanzu kuwa ga baƙi, ga ruwan zinariya, ga ruwan ƙasa. Shi mai ruwan ƙasa yana da abin yabo, gama ba ya tona shatin yatsu, ƙurar hunturu kuma ba ta cika nunawa a jikinsa ba. Amma fa launi riga ce kawai, ba ita ke riƙe ruwa ba.

ƘARFEN DA KE CIKI

Famfon kirki da tagulla ake zuba shi, watau irin ƙarfen nan da maƙeran Bida suka shahara da aikinsa. Gauraye ne na jan ƙarfe wajen kashi 60 cikin 100, da tutiya wajen kashi 40, ba ya tsatsa, yana kuwa daɗewa shekara da shekaru. Akwai wani gauraye mai araha da ake kira Zamak, wanda aka ƙago a Amurka cikin 1929, galibinsa tutiya ne. Shi wannan, da zarar rigarsa ta tsage ruwa ya taɓa shi, sai ya soma rubewa yana fid da farin gari. Dama an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasa da shi kuma akwai na roba da aka yi wa shafe, ya yi kama da ƙarfe.

Hanyar rarrabewa ba wuya. A ɗauka a ji nauyi, domin tagulla ta fi tutiya nauyi, roba kuwa sakayau take. Sa'an nan a juya gindin a leƙa cikin bakin da ake ɗaurawa da bututu, inda shafe bai cika kaiwa ba. In an ga rawaya, tagulla ce. In an ga ruwan toka, a mayar wa mai kanti abinsa. Mayen ƙarfe ba ya raba gardama a nan, gama ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu.

Har ila yau, akan sa dalma kaɗan cikin tagulla don ta yi sauƙin yanka, ita kuwa guba ce, balle ga yara. Tun daga Janairu 2014 dokar Amurka ta hana famfon ruwan sha ya wuce kashi 0.25 cikin 100 na dalma a inda ruwa ke taɓawa. Saboda haka famfon da za a riƙa kurkure baki da shi, a nemi wanda aka rubuta cewa dalmarsa kaɗan ce, a kuma bar ruwan da ya kwana a ciki ya zube tukuna.

YADDA AKE SA LAUNIN

Ruwan ƙasa iri uku ne. Na farko fenti ne da aka fesa aka gasa, shi ne mafi araha, shi ne kuma mai ɓarewa. Na biyu tagulla ce da aka rina da magani ta yi duhu. Wannan ba ya ɓarewa, amma yana sāke kama, inda hannu ke yawan taɓawa sai ya yi haske. Waɗansu wannan tsufan suke so, amma wanda bai sani ba zai zaci an cuce shi. Na uku shi ne wanda ake rubuta PVD a kwalinsa. Ana sa famfon cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a mai da wani ƙarfe mai tauri tururi, ya bi jikinsa ya manne. Ya fi tsada, ya kuma fi jure ƙarzuwa.

Ko wanne aka saya, a tuna da irin ruwanmu. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yakan bar farin tabo in ya bushe, tabon nan kuwa ya fi fitowa a launi mai duhu. Maganinsa a share da tsumma mai laushi bayan wanka. Kada a kusance shi da toka, ko yashi, ko soson ƙarfe, ko ruwan wanke masai. Abin da ke gyara tukunya shi ke kashe famfo.

MAI HAƊA ZAFI DA SANYI

Labarin famfo mai hannu guda ya faro ne daga ƙuna. Cikin 1937 wani saurayi Ba'amurke, Al Moen, ya buɗe famfo zai wanke hannu, ruwan zafi ya ƙone shi, sai ya duƙufa neman dabara, har aka soma sayar da abin da ya ƙago cikin 1947. A irin na yanzu, waɗansu fayafai biyu na tangaran ne a ciki suke buɗe ruwa suna rufewa. Babban maƙiyinsu shi ne yashi, don haka a sa matata a bakin tanki. Kafin a biya kuɗi kuma a tambayi mai kanti ko yana da ƙwaryar cikin ta canji. Masu faɗin milimita 35 da 40 sun fi samuwa.

Sai maganar ƙarfin ruwa, wadda ita ce aka fi mantawa. Yawancin gidajenmu daga tanki suke sha, kuma sai tanki ya ɗara famfo tsawo da mita 10 kafin a sami abin da ake kira ba ɗaya. Famfuna da yawa na ƙasashen waje ba ɗaya suke bukata ko fiye, alhali tankin da ya ɗara shawa da mita 3 kashi uku cikin goma kaɗai yake bayarwa. Ka ga an sayi famfon sarauta, ruwa na zuwa kamar hawaye. A karanta kwali, a nemi mai aiki da ƙaramin ƙarfi. A auna ramuka kuma, domin irin na bango galibi milimita 150 ne tsakanin bututun zafi da na sanyi, zafi a hagu, sanyi a dama.

Gidan da ke da yara ko tsofaffi, muna ba da shawara a nemi irin mai daidaita zafi da kansa, wanda ke da maɓallin tsayawa a digiri 38. Ruwan da ya kai digiri 60 yana saɓule fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi.

To, jama'a, ba mu ce a guji ruwan ƙasa ba, ado ne mai kyau ga wanda ya iya zaɓe. Abin da muke cewa shi ne a fara da ƙarfe, a bi da ƙwaryar ciki, a auna tsawon tanki, sa'an nan a zo kan launi. In kuɗi bai kai ba, gara farin famfo na tagulla da mai ruwan ƙasa na tutiya, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Abokin namu dai ya fasa tayil ya sake, ya biya sau biyu. Allah ya sa na baya su biya sau ɗaya.