Bitamin D ga bakwaini: abin da yake yi da abin da ba ya yi

A Maraɗi, bakwainin da aka haifa a Tibiri ko Jiratawa ana garzayowa da shi Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, wato CSME, ko babbar likita ta jiha. Ranar sallama, wata uwar takan fito da ordonans ɗauke da sunan wata ƴar kwalba ta bitamin D. Wasu iyaye ba sa saye, suna cewa ƙasar da rana ke ƙuna haka ba ta rasa wannan bitamin. Wasu kuma suna ɗaukarsa a matsayin katangar da za ta tare kowace cuta. Duka biyun akwai gyara.

Bakwaini shi ne jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa an haifi irinsu miliyan 13,4 a duniya a shekarar 2020, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. A watanni ukun ƙarshe na ciki ne uwa ke zuba wa ɗanta mafi yawan sinadarin kalsiyom da ke gina ƙashi, da kuma sinadaran kariya daga cututtuka. Wanda ya fito da wuri ya fito guzurinsa bai cika ba.

Rana kuwa ba ta cike masa giɓin. Fata ce ke ƙera bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta, amma jariri yana ɗaka da mai jego har arba'in, a lulluɓe. Hakan daidai ne, don ba a shanya jariri a rana. Nonon uwa, duk da babu abincin da ya kai shi, bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne.

Aikin da aka tabbatar wa bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyom, ƙashi ya yi ƙwari, yaro ya tsira daga ciwon da ke lanƙwasa ƙafafu. Yana da hannu kuma a garkuwar jiki: a 2006 masu bincike a Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna amfani da shi wajen ƙera wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka.

Sai dai abin da aka gani a ɗakin bincike bai fito sarai ba da aka gwada a jikin yara. A birnin Delhi na Indiya, an ba jarirai sama da 2.000 masu ƙarancin nauyi ko dai bitamin D ko abin da ya yi kama da shi. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna sun ɗan fi girma, amma mutuwa da kwanciya likita ba su ragu ba. A Kabul na Afganistan, gwaji kan yara wajen 3.000 a 2012 bai nuna raguwar ciwon huhu ba. A Amurka kuwa, binciken 2018 kan bakwaini baƙar fata 300 ya gano cewa waɗanda aka ci gaba da ba su bitamin D kullum sun fi samun sauƙin yawan shessheƙar numfashi.

Shi ya sa a shawarwarinta na watan Nuwamban 2022, OMS ta ce ana iya ba bakwaini mai shan nono bitamin D idan ba ya samunsa ta wata hanya, ma'auni 400 zuwa 800 a rana, abin da ake rubutawa UI a jikin kwalba. Abin da ta fi ƙarfafawa shi ne nonon uwa da goyon kangaru, wato a ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata tun daga haihuwa.

Haɗarin da ya kamata a kiyaye yana wajen awo. A farmasi akwai ɗigo na kullum, akwai kuma ampul mai ma'auni 100.000. Bitamin D yana taruwa a jiki, idan ya yi yawa kalsiyom ya hauhawa a jini, jariri ya dinga amai, ya ƙi nono, ƙoda ta taɓu. Ƙarfin ɗigo ma ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin. Kada a saya wajen masu tallar magani a kasuwa, kada kuma a rikita shi da bitamin A da ake ba yara daga wata shida.

Uwar da ta koma Tibiri ko Jiratawa ta ba da ɗigon yadda aka rubuta, ta riƙe goyon ƙirji musamman lokacin hunturu, ta bi ranakun awo da rigakafi a CSI. Idan jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ɗigo ba zai yi maganin wannan ba. A kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.