Hatsarin mota: Abin da ya kamata 'ya'ya su duba kafin ɗaukar wa iyayensu tsofaffi lauya

A yawancin gidajen Arewa, idan mota ta buge dattijo ko tsohuwa, maganar lauya ita ce ta ƙarshe da ake tunawa. Ana fara da neman gado a asibiti, da harhaɗa kuɗin aiki, da raba kwanan jinya tsakanin 'ya'ya. Kafin a farga, dangin direba sun zo gaisuwa da lemo da ɗan abin da ya samu a ambulan, manyan unguwa sun sa baki, an ce ƙaddara ce, magana ta mutu.

Ƙaddara ce, babu mai ja. Amma wata uku ko huɗu bayan haka, lokacin da likita ya ce sai an sake aiki a ƙugu, ko tsohuwar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta ta koma sai an ɗaga an kwantar, iyalai da dama ke fara tambayar ko akwai abin da doka ta tanadar musu. Akwai. Sai dai samunsa ya dogara ne da wanda suka damƙa wa maganar, da kuma lokacin da suka damƙa masa.

Me ya sa shari'ar tsoho ta bambanta?

Raunin da matashi zai warke daga gare shi cikin mako shida kan iya kwantar da ɗan shekara 70 har ƙarshen rayuwarsa. Ƙashin tsofaffi, musamman mata, yana da saurin karyewa da jinkirin haɗewa. Karayar ƙugu kan jawo doguwar kwanciya, ita kuma kwanciyar kan haifar da gyambo a baya da ciwon huhu. Bugun kai ma yana da nasa sha'anin: a jikin tsoho jini kan iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, alamun su bayyana bayan makonni, da ruɗewa ko yawan barci ko raunin ɓarin jiki. Iyalin da suka karɓi kuɗin sasanci a makon farko sun karɓa ne kafin a san girman ciwon.

Ɗaya ɓangaren kuma, wato direba ko kamfanin inshorarsa, yana da hujjojin da ya saba kawowa. Zai ce ai dama Baba yana da hawan jini da ciwon suga, dama ƙafar tana damunsa. Zai ce ai ya yi ritaya, ba wani albashi da ya rasa. Lauyan da ya san aikinsa ya san cewa ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi ita ce wanda ya jawo rauni yana ɗaukar alhakin abin da ya faru ga mutumin a yadda ya same shi, ko da jikinsa mai rauni ne tun farko. Tsufa ba ya zama rangwame ga direba. Ya kuma san cewa tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ko daddawa a gida tana da kuɗin shiga, ko da ba a rubuce yake ba, kuma 'yar da ta rufe shagonta don zaman jinya, ko mai aikin da aka ɗauka don kula da majinyaci, duk abin lissafi ne.

Idan kuwa ɗaya ɓangaren ya nuna cewa dattijon ma yana da nasa sakacin, misali ya tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya da ƙafa, kotu kan rage diyyar gwargwadon laifinsa, ba ta soke ta gaba ɗaya.

Shari'ar 'yan sanda daban, neman diyya daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan 'yan sanda suka gurfanar da direba a kotun majistare kan tuƙin ganganci, wannan shari'a ce tsakanin hukuma da direban. Mai gabatar da ƙara ba lauyan iyali ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da takwarorinta na jihohi irin ta Kaduna ta 2017 da ta Kano ta 2019, sun ba alƙali damar umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda aka cuta diyya, kuma iyali na iya ɗaukar lauyan da zai riƙa zama a kotu yana sa ido a madadinsu. Amma cikakken lissafin kuɗin magani, da raɗaɗi, da nakasa, ana nemansa ne ta ƙarar neman diyya da wanda aka ji wa rauni zai shigar da kansa.

Saboda haka tambayar farko ga duk lauyan da aka je wurinsa ita ce: ya taɓa gudanar da ƙarar diyyar hatsari, kuma ya taɓa karɓo kuɗi daga kamfanin inshora? Lauyan da ya yi suna wajen belin waɗanda ake tsare da su, ko rabon gado, ko shari'ar zaɓe, ba lallai ne ya san wannan fage ba. Ɗan maƙwabci da ya gama makarantar lauyoyi bara yana iya zama mutumin kirki, amma kirki ba ya cike gurbin gogewa. Abin da ya fi shi ne ya nuna wa iyalin wanda ya ƙware.

Ana gane gogagge ne daga tambayoyin da yake yi. Zai tambayi wa ke da motar, domin idan direba yana kan aikin ubangidansa ne lokacin hatsarin, mai motar ko kamfanin ma yana da alhaki, kuma galibi shi ne mai abin biya. Zai nemi rahoton 'yan sandan sashen ababen hawa da zanen wurin da abin ya faru, da rahoton jami'an duba lafiyar mota, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, idan su suka kai ɗauki. Zai tambayi lambar motar don duba inshorarta. Wanda ya fara da faɗin miliyoyin da za a samu tun bai ga takarda ko ɗaya ba, abin a yi hattara da shi ne.

Inshora: takardar da ke aljihun direba

Doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi inshorar da ke kare mutanen da za ta iya yi wa ɓarna. Tun daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce. Rauni da rasa rai lissafinsu daban ne, kuma bai kamata wani ya ce wa iyali miliyan 3 ce ƙarshen magana ba. A watan Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta bin dokar a faɗin ƙasa, sannan a watan Agustan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora. Lauyan da za a ɗauka ya kamata ya iya bayyana abin da sabuwar dokar ta ce game da irin wannan ƙara.

Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, irin waɗanda 'yan kamasho ke haɗa wa masu mota a bakin ofisoshin sabunta takardu. Ana iya tantancewa a rumbun bayanan kamfanonin inshora na intanet, ko ta danna *565*11# a waya a saka lambar motar. Idan takardar ta gaskiya ce, akwai kamfanin da za a bi, kuma idan ya yi taurin kai NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Idan ta bogi ce, sai a koma kan direba da mai mota, kuma a nan lauya mai gaskiya zai faɗa wa iyali ƙarara ko wanda za a kai ƙarar yana da abin biya. Hukuncin naira miliyan goma a kan direban da bai mallaki komai ba takarda ce kawai.

Rasit, da maganar mai ɗori

Kotu ba ta karɓar "mun kashe kuɗi da yawa". Duk kuɗin da aka kashe sai an lissafa shi dalla-dalla an kuma kawo shaida: rasit na magani, na hoton ƙashi, na ɗakin tiyata, na keken guragu, har na motar da ke kai majinyaci asibiti. Ya kamata mutum ɗaya a gidan ya zama mai ajiye su, ya kuma riƙa ɗaukar hotonsu a waya, domin tawadar rasit na kantin magani kan goge.

Da yawa daga cikin tsofaffi sun fi yarda da mai ɗori, wasu ma kan matsa a fitar da su daga asibiti saboda tsoron a yanke musu ƙafa. Ta fuskar shari'a wannan yana da tsada. Mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, kuma idan ƙashi ya haɗe a karkace, ɗaya ɓangaren zai ce ba hatsarin ne ya jawo nakasar ba. Rahoton likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala ko wani asibitin koyarwa, shi ne ginshiƙin ƙarar.

Kuɗin lauya da tantance shi

Ƙa'idojin aikin lauyoyi a Najeriya sun yarda a yi yarjejeniyar biyan lauya wani kaso daga abin da aka samu a ƙarar neman diyya, muddin kason bai wuce hankali ba. Wannan yana taimakon iyalin da jinya ta cinye musu ajiya. Amma a rubuta komai: kaso nawa, daga jimillar kuɗin za a cire ko bayan an fitar da ɗawainiya, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kawo likita ya ba da shaida, kuma me zai faru idan aka sasanta kafin a je kotu. Waɗannan ƙa'idojin sun hana lauya tura 'yan kore su nemo masa waɗanda suka ji rauni, don haka mutumin da ya biyo iyali har bakin gadon asibiti da katin wani lauya ya riga ya nuna irin gidan da ya fito.

Kowane lauya na gaskiya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake maƙalawa a takardun da ya shirya. Reshen ƙungiyar na gari zai iya tabbatar da shi. Lauyan da ya ci amanar wanda yake wakilta ana kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon sa a soke sunansa daga rajista.

Ga marasa hali, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, mai ofisoshi a jihohi. Dokarta ta 2011 ta sanya ƙarar diyyar hatsari cikin ayyukanta, ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun daga 2024. Tsofaffi da yawa sun cika wannan sharaɗi.

Jinkiri kuwa yana kashe ƙara. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙarar rauni, a Legas shekara uku ne. Amma idan motar ta gwamnati ce kuma jami'in yana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal, wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su a kotu. Wata uku kan ƙare ana zaman asibiti.

Haƙƙin na waye?

Ko babban ɗa ne ya biya lauya, wanda lauyan ke wakilta shi ne mahaifin. Wannan yana da muhimmanci a gidan da 'ya'ya suke da yawa, ɗakuna daban-daban, kowa da ra'ayinsa. Lauyan kirki zai nemi ganin majinyacin da kansa, ya je gida idan ba ya iya fita, ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Idan ba ya karatun boko, doka ta ce a karanta masa takarda a fassara masa kafin ya dangwala, a kuma rubuta cewa an yi hakan. Idan bugun kai ko tsufa ya taɓa hankalinsa, akwai hanyar da kotu ke amincewa wani ya tsaya a madadinsa. Lauyan da ya san shekarun wanda yake wakilta zai kuma gaggauta ɗaukar bayaninsa a rubuce tun yana iya tuna abin da ya faru, domin shari'a a babbar kotu kan ɗauki shekaru.

Wannan jinkirin ne ya sa sasanci yakan fi wa tsoho amfani. A Kano akwai cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha tun 2009, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a can alƙali na iya sa mata hannu ta zama kamar hukunci. Kotunan Musulunci ma suna duba diyyar rauni tsakanin Musulmi. A fiƙihu ma haƙƙin na wanda aka ji wa ciwo ne: shi ke da ikon yafewa ko karɓa, ba ƙaninsa ko mai unguwa ba. Idan Baba ya ce ya yafe bayan an faɗa masa nawa aikin da ke gabansa zai ci, zaɓinsa ne. Abin da ke jawo rigima daga baya shi ne a yafe a madadinsa yana kwance.

Kamfanin inshora kan ba da takardar sallama a sa wa hannu kafin ya saki kuɗi, kuma da zarar an sa hannu an rufe ƙofar neman ƙari. Kafin nan ya kamata lauya ya samo rubutaccen ra'ayin likita kan jinyar da ta rage, ya karanta wa dattijon takardar a gaban shaidu daga cikin 'ya'yansa, a kuma rubuta a cikin yarjejeniyar asusun da kuɗin za su shiga, da sunan mai asusun.