3.2 Hanyoyin Ƙalubalantar Jami'a Idan Ta Ƙi Bayar da Bayanai

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda aka samar da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga watan Mayu, 2011. A wannan sashe kuwa, za a dubi abin da ɗalibi ko ɗan jarida ko wani ɗan ƙasa zai yi idan ya nemi wata takarda daga jami'ar gwamnati, kamar bayanin kwangilar gina ɗakin kwanan ɗalibai ko yadda aka kashe kuɗin rajista, sai hukumar jami'ar ta hana shi.

3.2.1 Matsayin Jami'a a Dokar

Jami'ar gwamnati hukuma ce da ake gudanarwa da dukiyar jama'a, saboda haka dokar ta hau kanta. A da, an yi ta taƙaddama a kan ko dokar ta shafi hukumomin jihohi, domin a shekarar 2018 rassa biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara, wato na Akure da na Benin, sun yanke hukunci masu karo da juna. Amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta game dukkan matakan gwamnati. Ke nan jami'ar jiha ba ta da damar fakewa da cewa dokar ta tarayya ce kaɗai.

3.2.2 Hujjojin da Jami'a Kan Kafa

Ba kowace takarda ce doka ta ce a bayar ba. Sashe na 14 ya kare bayanan da suka shafi sirrin mutum, ciki har da fayil ɗin ɗalibi da na ma'aikaci. Sashe na 17 ya yarda a hana kayan koyarwa da na bincike waɗanda malamai suka shirya. Sashe na 19 kuwa ya kare tambayoyin jarrabawa da jadawalin ba da maki. Sai dai sashe na 18 ya ce idan takarda ta ƙunshi abin da aka kare da wanda ba a kare ba, wajibi ne a cire na farkon, a miƙa sauran. Haka kuma sashe na 28 ya nuna cewa buga wa takarda hatimin sirri kaɗai bai isa dalilin hana ta ba.

3.2.3 Matakan Ƙalubalanta

Mataki na farko shi ne mai nema ya rubuta buƙatarsa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin daga wannan rana ake fara ƙidaya. Ba dole ne ya faɗi dalilin da ya sa yake neman bayanin ba. Jami'a na da kwana 7 ta ba da amsa, kuma tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa. In za ta hana, sai ta yi hakan a rubuce, ta ambaci sashen da ta dogara da shi. In kuwa ta yi shiru har wa'adin ya wuce, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi.

Mataki na biyu shi ne zuwa Babbar Kotu, ta jiha ko ta tarayya, cikin kwana 30. Wannan wa'adi yana da muhimmanci, domin yawan sintiri zuwa ofishin magatakarda da sauraron "ka dawo gobe" kan cinye shi. A gaban kotu, sashe na 24 ya ɗora wa jami'a nauyin kawo hujja, wato ita ce za ta gamsar da alƙali cewa tana da ikon hanawa. Alƙali na iya duba takardun da kansa, ya kuma ba da umurnin a fito da su. Idan aka tabbatar da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba.

3.2.4 Misali Daga Amurka

A shekarar 2016 jaridar ɗalibai ta Kentucky Kernel ta nemi Jami'ar Kentaki ta ba ta fayil ɗin binciken da aka yi a kan wani malami da aka zarga da cin zarafin ɗalibai. Jami'ar ta ƙi, ta dogara da dokar kare sirrin ɗalibai ta 1974. Antoni-Janar na jihar ya ce jami'ar ta saɓa wa doka, ita kuma ta kai jaridar kotu. Kotun farko ta ba jami'a gaskiya a 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci a 2019, sannan a 2021 Kotun Ƙolin jihar ta ce bai halatta a yi wa takardun kuɗin goro ba. Dole ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a shafe abin da zai tona asirin ɗaliban, a kawo dalilin hana kowace. Wannan ya yi daidai da manufar sashe na 18 na dokar Nijeriya.

3.3 Naɗewa

A taƙaice, wannan sashe ya nuna cewa hanawar jami'a ba ita ce magana ta ƙarshe ba. Abin da ke gaban mai nema shi ne ya adana shaidar karɓar takardarsa, ya kiyaye wa'adin kwana 7 da na kwana 30, ya kuma tanadi juriya, domin shari'ar Kentaki ta ɗauki kusan shekara biyar. A babi na gaba za a dubi rawar da kafofin yaɗa labarai na Hausa ke takawa wajen wayar da kan jama'a game da wannan doka.